BA DUKA KAƊAI KE KARYA YARO BA

Na san da yawanku kun buɗe shafin nan ne kuna tsammanin labarin soyayya kamar yadda muka saba. To ku gafarce ni, yau wata magana na zo da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Don Allah ki gyara zama ki karanta har ƙarshe, wataƙila yaron da nake magana a kansa yana nan kusa da ke.

YARINYAR GIDAN BAYANMU

Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare, akwai wata yarinya a gidan da ke bayan namu. Ba zan faɗi sunanta ba, domin tana nan da ranta. Shekarunta ba su wuce bakwai ba a lokacin. An saki mahaifiyarta, uban ya ce ba inda za a kai masa 'ya, uwar kuwa da ta gama idda ta yi aure a wani gari mai nisa. Uban ɗan kasuwa ne, in ya fita bayan sallar Asuba sai bayan Isha'i. Matarsa kuma tana fama da nata 'ya'yan uku ƙanana.

Abin da zai ba ku mamaki, wallahi ban taɓa jin an doki yarinyar nan ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko tabarya aka ajiye muna ji. Ba duka, ba zagi, ba tsawa. Ba a dai ganinta ne kawai. In an raba tuwo, sai an zo kankare tukunya a tuna da ita. In ana yi wa yara wanka, ita sai dai ta tsaya tana kallo. Da safe yaran layinmu su wuce boko, da yamma su wuce Islamiyya, ita tana zaune a bakin kwata tana wasa da murafun kwalba. Kanta ya cukurkuɗe da ƙwarƙwata, ga makero, ga ƙazwa tsakanin yatsu, ga faso a ƙafa kamar na tsohuwa. Riga ɗaya na san ta da ita, tun tana kai mata gwiwa har ta koma cinya.

Ta san lokacin da muke sauke abinci. Sai ki ga ta raɓe a bakin soronmu, ba ta sallama, ba ta roƙo, ta dai tsaya. Inna ta ce, "Ke, shigo mana. Kin ci abinci?" Sai ta sunkuyar da kai. In an zuba mata, ta juya mana baya ta rungume kwanon tana ci da sauri kamar za a ƙwace.

Wata rana na ce, "Inna, wai me ya sa ba za ki yi wa babanta magana ba?"

Inna ta ce, "Ke rufa mini asiri. So kike a ce na sa ido a gidan mutane? Ai ba dukanta suke yi ba. Mu dai ba ta abinci don Allah, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki."

Haka muka yi ta ba ta abinci don Allah har shekara uku. Kowa a layin ya sani. Mai shago ya sani, liman ya sani, mai kitso ta sani. Kowa kuma abin da yake faɗa ke nan: ai ba dukanta suke yi ba.

WAI MENE NE SAKACI DA YARO?

'Yar'uwa, cutar da yaro iri biyu ce. Akwai abin da ake yi masa, kamar duka da ƙuna da lalata. Akwai kuma abin da ake ƙin yi masa alhali haƙƙinsa ne: ci da sha, tufafi, tsafta, magani in ba shi da lafiya, rigakafi, makaranta, sa ido kada ya faɗa wuta ko rijiya, da kuma jan shi a jiki a nuna masa shi ma mutum ne. Wannan na biyun shi ne sakaci. Ba kuma mantuwar rana ɗaya nake nufi ba, wace uwa ce ba ta taɓa makara da abincin rana ba? Ina nufin wanda ya zama jiki, yau da gobe da jibi, wata da watanni, har yaron ya daina kuka domin ya gane kukan ba ya kawo kowa.

Kada kuma mu haɗa talauci da sakaci. Akwai gidan da ba a ɗora tukunya sai sau ɗaya a wuni, amma ɗan abin da aka samu ana raba shi daidai, rigar yaro ko ta tsufa a wanke take, in ya yi zazzaɓi uwar ba ta barci. Wannan gida taimako yake buƙata, ba zargi ba. Akwai kuma gidan da ake soya nama, amma yaro ɗaya a ciki ƙanzo ne rabonsa. Ma'aunin mai sauƙi ne: dubi sauran yaran gidan, sannan ki dubi shi.

Na san ba ku manta da abin da ya faru a Birnin Kebbi a watan Agusta na 2020 ba. An gano wani yaro ɗan kimanin shekara 10 da aka ɗaure a turken dabbobi kusan shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya rame har ba ya iya tsayuwa da ƙafafunsa. Da hotunansa suka bazu a wayoyi, ƙasa ta ɗauka, 'yan sanda suka kama uban da matansa, gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin jinyarsa. Madalla. Amma ni tambayar da ta hana ni barci ita ce: shekara biyu fa! Azumi biyu, Sallah huɗu. Ba wanda ya shiga gidan barka ko ɗibar wuta? Ba wanda ya ce ina wane?

ILLAR DA BA A GANI DA IDO

Tabon bulala yana warkewa a ga wurinsa. Tabon sakaci a ciki yake. Likitoci sun tabbatar cewa kwana 1,000 na farko, wato tun daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu, su ne ginshiƙin girman jiki da na ƙwaƙwalwa. Yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a wannan lokaci yakan tsumbure, kuma da wuya ya cike giɓin daga baya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Galibin wannan talauci ne da yawan cuta suka jawo shi. To in yaron da uwarsa ke tsaye a kansa ma yana wannan hali, ina ga wanda ba mai waiwayarsa?

Ba kuma abinci kaɗai ba ne. Bari in ba ku labarin ƙasar Romaniya da ke Turai. Da gwamnatin kwaminisanci ta faɗi a can a Disamba 1989, duniya ta ga gidajen renon yara cike da yara sama da 100,000. Ana ba su ɗan abinci, amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa, ba mai kallon idonsu. Jarirai a jere a gadaje, ɗaki ya yi tsit. A shekarar 2000 wasu masana daga Amurka suka fara bin diddigin yara 136 daga irin waɗannan gidaje a Bukares, babban birnin ƙasar. Aka ba da rabinsu riƙo ga iyalai, aka ci gaba da auna su shekara da shekaru. Abin da aka gano shi ne, waɗanda suka samu gida da mai kula da su sun fi sauran kaifin fahimta da iya shaƙuwa da mutane, waɗanda kuma aka ɗauka kafin su cika shekara biyu su suka fi kowa farfaɗowa.

Kin ga ashe goyon da iyayenmu ke yi, da tawai, da rarrashi, da surutun da ake yi wa jariri ana yi masa wanka, duk abinci ne na ƙwaƙwalwa. Kin kuma ga duk ranar da aka ƙara ana jira, asara ake ƙarawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaron da ya taso a haka, sai ki ga ya makara wajen magana, karatu ba ya shiga, ko ya cika tsoro, ko ya riƙa liƙe wa duk baƙon da ya yi masa murmushi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro ga 'ya mace. Yarinyar da ba a taɓa ce mata sannu a gida ba, duk ɗan iskan da ya miƙa mata alawa ya gama da ita.

DAGA INA MATSALAR TAKE?

Mu marubuta mun saba ɗora komai a kan kishiyar uwa, ni ma na yi a littattafaina. Amma gaskiya abin ya wuce nan. Na ɗaya akwai yawan saki, da uban da ke ƙwace yara don ya ƙuntata wa uwarsu, alhali shi ba zaman gida yake yi ba. Akwai mutuwar uwa wajen haihuwa. Akwai agola da mijin uwa ba ya son gani. Akwai riƙon da ake bayarwa don kunya, a tura yarinya gidan da ba a nemi ta ba. Akwai 'yan aiki ƙanana da ake kwasowa daga ƙauye, su yi renon 'ya'yan wasu alhali su ma reno suke buƙata. Akwai yarinyar da ke yawo da farantin talla tun safe har dare.

Akwai kuma uwar da ita kanta ba ta da lafiya. Wata bayan haihuwa ciwon damuwa ke kama ta, ta kasa ko wanka, ta kasa kallon jaririn, mu kuwa sai mu ce ƙazama ce ko aljanu ne, alhali ciwo ne da ake magani a asibiti. Wata kuma shaye-shaye ne ya ci ƙarfinta. Kun dai tuna yadda maganin tari mai kodin ya addabi gidaje har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018.

Sai ƙannenmu almajirai. Ba karatun Alƙur'ani nake suka ba, Allah Ya kiyashe ni. Uban nake tambaya, wanda ya kai ɗan shekara shida wani gari ya ajiye ba guzuri, ba ziyara, ba aike. A 2020, lokacin annobar korona, mun ga yadda gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Amma hukuma ba za ta zama uban kowa ba.

ME ADDINI YA CE?

Da yawanmu mata ba mu san haƙƙin da shari'a ta ba mu ba, shi ya sa ake yi mana kwace. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kamar yadda ya zo a littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, in aure ya mutu uwa ce ke da haƙƙin renon 'ya'yanta: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, haƙƙin yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba, ko yaron yana hannun wa. Wato maganar nan ta "bar mini 'ya'yana ki fita" al'ada ce da ƙarfin hali, ba shari'a ba ce.

Ku tuna kuma Fiyayyen Halitta (SAW) maraya ya tashi. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara shida, kakansa ya riƙe shi har ya kai takwas, sannan baffansa Abu Ɗalib ya karɓe shi. Ba a bar shi ko rana ɗaya ba mai riƙo ba. A zamanin Sayyadina Umar kuwa, baitulmali na ba yaro kaso ne bayan an yaye shi. Da ya gano wata uwa na gaggawar yaye jaririnta don ta samu kason, sai ya mayar da shi tun daga haihuwa. Kin ga tun a wancan lokaci shugaba ya san kukan jariri a cikin dare aikinsa ne.

ME DOKA TA TANADA?

A takarda kam ba a bar mu a baya ba. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta mayar da shi laifi ga wanda yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ke hannunsa ya wulaƙanta shi ko ya yi sakaci da shi da gangan har ya wahala. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta kuma yi tata dokar haƙƙin yara a 2003. Sai dai wannan doka a Abuja kaɗai ta fara aiki kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Jihohin Arewa sun daɗe suna muhawara, musamman kan shekarun aure da batun ɗaukar ɗan wani a mayar da shi ɗa. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano kuwa sai a watan Mayu na 2023 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu, ana saura kwanaki ya sauka.

Dokar 2003 ta ce a duk hukuncin da ya shafi yaro, maslaharsa ce a gaba. Ta tanadi kotun iyali. Ta ɗora wa gwamnati binciken duk rahoton da ya nuna yaro na cikin haɗari. Kotu na iya ba da umarnin a ɗauke shi cikin gaggawa, ko a bar shi a gida a sa jami'i ya riƙa sa ido, ko a damƙa shi ga wani mai riƙo. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, uban da ya ƙi kai ɗansa ana iya gurfanar da shi. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 kuma ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya yi watsi da iyalinsa ba ci ba sha.

Masu aikin su ne ma'aikatar mata ta jiha da ofisoshin jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi, da 'yan sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da Hisba a jihohin da ke da ita, sai gidajen marayu irin na Nassarawa da ke Kano. Kafin su duka kuma akwai mai unguwa da dagaci da hakimi.

To amma yara nawa ke isa hannunsu? Wani bincike da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, waɗanda suka samu taimako a cikinsu kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Wannan fa lissafin waɗanda aka doka ne ko aka ci mutuncinsu. Ina ga wanda ba shi da tabon da zai nuna?

YADDA TA KAYA DA YARINYAR NAN

Wani hunturu, sanyi ya kore ta ta kwanta a gefen murhu, garwashi ya ƙone ta a ƙauri. Ba wanda ya duba. Sai da ciwon ya ruɓe har ƙuda na bin ta, ranar ta zo soronmu tana jan ƙafa. Inna na gani ta saki salati, ta saɓe ta sai asibiti. Malamar da ta wanke ciwon ta dubi Inna ta ce, "Hajiya, ciwon nan ya fi sati biyu. Ina uwar yarinyar nan?" Inna ta kasa magana, sai hawaye.

A daren Baba ya tafi wajen mai unguwa. Aka kira uban. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba. Kullum sai na ba da kuɗin cefane kafin in fita." Kuma gaskiyarsa ce, yana bayarwa. Bai dai taɓa cewa a kira masa ita ya gan ta da rana ba. Aka yi masa faɗa, ya yi alkawari. Sati biyu ana yi mata wanka, har da sabon silifa. A sati na uku komai ya koma yadda yake.

Inna ba ta haƙura ba, ta ja ni muka tafi wani ofishin jin daɗin jama'a. Matar da muka samu mai kirki ce, ta rubuta komai. Sannan ta nuna mana tarin fayil a kan teburinta ta ce, "Hajiya, mu biyu ne a nan, ba mu da mota, kuɗin zuwa ma daga jakata zai fito." Ta dai zo sau ɗaya. Da yake an ji labarin zuwanta, ta tarar da yarinya fes, an yi mata kitso. Aka sa uban ya sa hannu a takardar alkawari, aka rufe fayil.

A nan ne na gane inda gizo ke saƙa. Hukuma an gina ta ne don ta amsa kiran gobara: jini, karaya, sarƙa a ƙafa, hoto a waya. Sakaci kuwa ɗigon ruwa ne. Duk ranar da jami'i ya zo, abin da zai gani ƙarami ne, bai isa a kama kowa ba. Rashin wanka na yau ba laifi ba ne, rashin abincin daren jiya ba laifi ba ne, sai an tara na shekara uku a wuri guda sannan a ga dutsen. Wa ke tarawa? Mai unguwa ya san nasa, asibiti ta san nata, ofis ya san nasa, ba mai haɗa su. Kuma ziyara ɗaya da takardar alkawari ba sa canza gidan da ya shekara da shekaru a haka. Abin da ake buƙata shi ne a riƙa dawowa ba tare da sanarwa ba, a ga yaron shi kaɗai, a tambayi makaranta da maƙwabta, a kuma taimaki gidan in rashi ne ko ciwo ya jawo. Kai yaro gidan marayu shi ne mataki na ƙarshe, domin kun ji darasin Romaniya: yaro gida yake buƙata da mutum ɗaya da zai ce nawa ne.

Abin da ya cece ta daga ƙarshe, Inna ce ta yi ta cigiya har ta samu wanda ya san garin kakarta ta wajen uwa, ta aika mata. Tsohuwar nan ta zo, ta ga jikarta, ta zauna a tsakar gidanmu ta yi kuka ta ce, "Ni da aka ce mini tana makaranta!" Ba ta yi faɗa da kowa ba, kotun shari'ar Musulunci ta nufa. Alƙali ya aika sammaci, ya saurari shaidu, ya ba ta riƙon yarinyar, ya kuma yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Haƙƙin da ke hannun tsohuwar tun ranar da 'yarta ta sake aure, ba wanda ya taɓa gaya mata.

Yarinyar ta shiga aji ɗaya tana da shekara goma. Bara na gan ta a wani biki, ta zama budurwa, tana koyon ɗinki. Ƙarama ce ƙwarai a jiki, ba ta son hayaniya. Kakarta ta ce mini sai da ta fi shekara tana ɓoye tuwo a ƙarƙashin matashi. Da ta gaishe ni ta ce, "Yaya, ina Inna?" sai na ji kunya ta rufe ni. Mun ba ta abinci, gaskiya ne. Amma aiken da aka yi a shekara ta uku, me ya hana a yi shi a watan farko?

KE ME ZA KI IYA YI?

Kada ki ce ke yarinya ce. Ke ce ke shiga gidaje kai saƙo da kitso da biki, idonki na ganin abin da na manya ba ya gani. In kin lura da yaron da kullum yake cikin yunwa da dauɗa fiye da sauran yaran gidansu, ko ciwo ya daɗe a jikinsa ba magani, ko ba ya zuwa kowace makaranta, ko kuma an daina ganinsa gaba ɗaya, to ga shawarata.

Ki fara gaya wa babba wanda kika yarda da shi: mahaifiyarki, malamarku ta boko ko ta Islamiyya. Kada ki je ki tari mutanen gidan da faɗa, a kan yaron za a huce. Ki riƙa rubuta abin da kika gani da ranar da kika gani a bayan littafinki, domin wannan shi ne tarin da hukuma ba ta da shi. A nemi dangin yaron, musamman na wajen uwa, a sanar da su. In magana ta ruwan sanyi ba ta yi ba, a je ga mai unguwa, daga nan ofishin jin daɗin jama'a ko Hisba ko kotu. In an rufe magana kuma abin ya dawo, a sake komawa, ba kunya a ciki. In kuwa rai na cikin haɗari, yaro a ɗaure ko a kulle ko ciwo ya ci ƙarfinsa, ba jira, sai asibiti da 'yan sanda a ranar. Don Allah kuma kada ki ɗauki hotonsa ki watsa a waya. Zai girma, hoton kuwa ba ya gogewa.

Sannan ke da kanki. Gobe ke ce amarya, wataƙila kuma ki tarar da 'ya'yan wata a gidan. Ba a ce dole ki so su kamar naki ba, zuciya ta Allah ce. Amma kwano ɗaya, sabulu ɗaya, makaranta ɗaya, wannan kam yana hannunki. In kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa tun wuri a kai su inda za a iya. Kuma tun a zance, in mai neman ki yana da 'ya'ya, ki tambaye shi ina suke, wa ke riƙonsu, yaushe rabonsa da su. Amsar da zai ba ki ita ce labarin naki 'ya'yan.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke gidajenmu da ta bayan katangarmu, Ya jiƙan iyayen da suka rasu suka bar ƙanana, Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin gaskiya, amin. Ina jiran wasiƙunku kan wannan batu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.